Sunan 'Yar Fari a Ajin Turanci

Ƙarshen damina ne, an yanke gero an jingine, dawa ta fitar da kai tana jiran rana ta ƙarasa ta. Shekarar ta yi albarka, har tsofaffi suka ɗan huta da ƙorafin tsadar taki. Kowa a ƙauyenmu fuskarsa a sake. Ni kaɗai nake yawo da wani abu a ƙirji wanda ko mijina ban iya gaya wa ba, don na san dariya zai yi.

A zangon nan ne aka kawo wa 'yan aji huɗu sabuwar malamar Turanci, yarinya ce ƙarama, daga wajen Rijiyar Zaki take hawowa a daidaita sahu. Littattafai ba su isa ba, sai ta yi dabara. Ta ɗaura igiya a cikin aji kamar ta shanya, yara suna rataya guntayen kwali masu kalmomi har su haɗa jimla. Ta ɗinka ƙwallon tsumma, wanda aka jefa wa sai ya amsa tambaya kafin ya jefa wa wani. 'Yata ta fari tana ajin, kuma ni na yanka mata nata guntayen daga kwalin taliya, na rubuta haruffan da hannuna. A makarantar yaƙi da jahilci ni ce mai kyan rubutu, wannan kam ba a taɓa musa min ba.

Sai malamar ta zo da sabon wasa. Kowane yaro zai koya wa wani babba a gida yadda zai gabatar da shi da Turanci, ranar Alhamis su zo tare su yi a gaban aji. Jimla biyu ce kawai ga 'ya mace: "This is my daughter," wato wannan 'yata ce, sai "Her name is," a ɗora sunan.

To mu a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran na yayanmu ba har ta koma ga Allah, ni ma tun da na haifi yarinyar nan sunanta bai fita daga bakina ba. "Ke" nake ce mata. In ana zancenta, in ce 'yar Inna, wato uwar mijina, wadda a ɗakinta take kwana tun yaye. Ita kuma Yaya take ce min, yadda ta ji ƙannen babanta suna faɗa. Hakan bai taɓa damuna ba, haka na taso na gani.

Ni yarinyar ta fara kawo wa wasan. Ta jera kwalayen a tabarma, na karanta ta farko can ƙasa-ƙasa, na shiga ta biyu, da na zo inda sunan zai zauna sai na tsaya. Ta jira ni. Inna tana bakin ƙofarta tana tsince wake, ta yi dariya ta ce ashe boko har cikin gida zai biyo mu ya wanke mana ido. Yarinyar ba ta yi fushi ba. Ta tattara kwalayenta ta shiga maƙwabta.

Maƙwabciyar nan benci ɗaya muka zauna da ita a yaƙi da jahilci, a littafina take leƙen amsa. Awara take soyawa, murya gare ta kamar ta mai shela, 'ya'yanta kuma duk maza. Katangar da ke tsakaninmu gajeriya ce. Kullum bayan la'asar ina zaune ina ɓarar gyaɗa, sai in ji ta tana karya Turancin nan kamar kara, tana cewa "dota" da ƙarfi, ta ɗora sunan tana jan sa kamar mai talla. Yarinyar ta yi ta ƙyalƙyala dariya tana cewa, "Umma, ba haka ba ne, sake." Ni ban taɓa jin ta yi irin wannan dariyar a gabana ba.

Na fi ta iya faɗa. Ina gyara mata a zuci, kalma bayan kalma, ina matse gyaɗa har ta dare a hannuna. Na fara jin awararta ta yi tsami, na daina aikawa a sayo. In ta gaishe ni ta kan katanga, amsata gajeriya. Wata rana yarinyar ta dawo da sabon kitso, an tsefe wanda na yi mata. Na ce ya karkace. Ta shafa kanta. Bai karkace ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ba wanda ya ƙwace min komai. Sunan nan a kunnena aka raɗa shi, ni na ji ciwon haihuwar mai shi, amma mai kanti yana kira, malama tana kira, yaran unguwa suna kira da tsokana, ni kaɗai a garin nan nake kewaye shi.

Ran Laraba da yamma maƙwabciyar ta shigo da sallama.

"Ƙawata, ara min hijabin nan naki mai ruwan toka, kada in je gobe in kunyata 'yarmu."

Na shiga na ɗauko, na karkaɗe, na miƙa mata. Ta riƙe shi ta daɗe tana kallona.

"Ko ke za ki? In kin ce za ki, ni na huta da karya harshe."

Inna ta riga ni amsawa, ta ce a ƙyale ni, ni 'yar gidan kunya ce. Na ce ni ina ni ina zuwa makaranta. Sai da na faɗa na lura yarinyar tana tsaye a bakin zaure da bokiti. Ta ji tambayar, ta tsaya jin amsa. Ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta, sannan ta wuce rijiya. Ashe duk kwanakin nan tana can tana dariya, tana kuma jira.

Washegari na idar da sallar asuba, na hura wuta, na dama koko. Na je bakin ƙofar Inna na tsaya. Na kira sunan. Ya fito siriri, ni kaina da ƙyar na ji. Ba a amsa ba. Na sake kira, da muryar da ake kiran yaro.

Na ji carbin Inna ya tsaya. Ta ce, "Wa ke nan?"

Na ce, "Ni ce, Inna. Ina kwana."

Yarinyar ta ɗaga labule, idonta cike da barci, tana duba bayana ko akwai wata. Na ce ta wanke fuska ta leƙa gidan Umma, ta ce ina gaisuwa, na gode, a miƙo min hijabina.