Ranar da Na Zauna Yanka Mutanen Takarda

Riƙon 'ya mai karatu wahala ne, in faɗa muku gaskiya. Na yi dakon ruwa a Arfa, na yi lodin alhazai a Muzdalifa, amma babu abin da ya gajiyar da ni kamar wani littafi da 'yata ta shigo da shi gidanmu a unguwar Tandabawi, nan Makka. Har in koma ga Allah ba zan manta da shi ba.

Littafin zane-zane ne, irin wanda magana ke fitowa daga bakin mutane. Ƙawarta ce ta kawo mata tsaraba daga waje. Da bakinta 'yar tawa ta tona kanta muna cin abincin rana: wai labarin kisan da Jamusawa suka yi wa Yahudawa ne a yaƙin duniya, wai har a Amurka wasu makarantu sun hana yara karanta shi saboda tsiraici.

Na ajiye cokali. Na ce, "Abin da ya ba Amurka kunya, shi kika kawo mini gidan da ake jin kiran sallar Harami?"

Na ƙwace. Uwarta ta ce a ƙona. Yarinya ta saka kuka da Larabci, "Abuya, haram alaik!" Wato, Baba, ka ji tsoron Allah. Ni ba na iya jure kukanta, sai na tuna dabarar malamanmu. A ɗan karatun da na yi, duk hoton mai rai da ke littafi, layi ake ja masa a wuya. An yanka shi ke nan, ya halatta. Na ce kalas, magana ta ƙare, zan yanka kowa da kowa, sannan in ga ko zan mayar mata.

Bayan la'asar na zauna da jan biro. Shafukan farko sojoji ne masu dogayen takalma. Na yanka su da daɗi, wani mai ƙaton ciki ma layi biyu na ja masa.

Sai na zo inda ake cusa mutane a jirgin ƙasa. To ni na san lodi. Na san yadda tsohuwa ke ƙanƙame ƙullin kayanta, da yadda uba ke ɗaga yaro sama kada a matse shi. Ashe mai zanen ma ya sani. Sai dai mu in mun cika bas, Mina muke kai mutane.

Na kira yarinyar na ce, "Ke, waɗannan ina za a kai su?"

Ta ce ɗakin da za a rufe su a sakar musu iska mai guba. Na buɗe gaba. Tsiraicin da ake ta faɗa, ashe mutane ne an tuɓe su a layi, duk haƙarƙari a waje.

Ta tsaya a kaina, hawaye sun bushe, sai tsiwa. "Yalla Abuya, ci gaba mana. An kashe su sau ɗaya, saura naka."

Uwarta ta leƙo daga kicin. "Mahauci ya gaji ne?"

Na rufe biro, na ce lokacin magariba ya yi, alhali da saura.

Abin da na koya shi ne, kada ka yanke wa littafi hukunci tun daga bango, don mai saurin hanawa galibi bai kai tsakiya ba.

Washegari da safe na haɗa shayina, na miƙa wa yarinyar littafinta, na ce ta karanta mini daga farko, a hankali, da Hausa. Sojojin dai na bar su a yanke.