Ma'aunin Zafin Mushe Ghissa

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, 11 ga Maris 2008, motar da ta ɗauko malaminmu na kimiyya, Mushe Ghissa (Mushe muke ce wa malami a nan), ta taka nakiya tsakanin Agadas da Arlit. Sai Laraba da hantsi aka shigo aji aka faɗa mana.

Mushe, ban taɓa ɗaga hannu a ajinka ba. Yau dai zan yi magana.

Kai ka tambaye mu: zafi nawa sukari ke sha kafin ya hau digiri ɗaya? Muka yi dariya. Ka kawo dunƙulen sukarin shayin gidanka, a shekarar da kowa ke lallaɓa nasa, ka farfasa. Ka kawo tarmus ɗin matarka da ma'aunin zafi, guda ɗaya tak da lakwal, makarantarmu, ta mallaka. Da Hamadi ya jefa nasa cikin ruwa ya narke, ka ce, “Malam, shayi ka haɗa mana!” Ka nuna mana a man gyaɗa ake sa shi, don ba ya narkewa. Mun auna wanda ya kwana a firigo, mun auna wanda ya sha iskar ɗaki. Saura mai zafi.

Ran nan ni ka ba riƙon ma'aunin. Littafin soyayya na buɗe bisa cinyata, hankalina na can. Ma'aunin ya suɓuce ya fashe. Ka dubi ɓaraguzan, ka dube ni, ka ce a hankali, “Kai 'Yargata, rufe littafin.” Kullum “kai” kake ce wa 'yan mata, ba mu taɓa gyara maka ba. Da darakta, shugaban makaranta, ya shigo yana faɗa, wai sai an kori mai laifi, ka ce, “Hannuna ne.”

Kowa ya san halin da hanya ke ciki. Duk da haka ka bi ayarin motoci zuwa Agadas don aro wani ma'aunin.

Mako uku ke nan ina wuce ƙofar gidanku, na kasa yin sallama. Inna Mariyama, matar Mushe, ba hannunsa ba ne, nawa ne. Bari darakta ma ya ji. In kora ce, na ɗauka.

Allah Ya jiƙan ka, Mushe, Ya sanyaya makwancinka, Ya sa ilimin da ka bari ya bi ka. Allah Ya ba Inna Mariyama da ɗansu Alhassane da dangi na Gugaram haƙuri. Inna, gobe bayan La'asar zan kawo miki tarmus ɗinki da ya bari a aji. Ki yafe mini, ko ki yi mini faɗa, amma zan shigo.

'Yargata Yahaya, Arlit