Numfashin Gidan Su Altine

Mijinyawa mutumin Getso ne, ƙaƙƙarfa, shi kaɗai yake ɗora buhun gero a kan keke. Numfashi ne kawai Allah ya rage shi da shi. In an shiga gayya shi ne a gaba da farko, kafin hantsi kuwa sai haki, sai dafe ƙugu. Maƙwabcinsa Sajo, jikan makiyaya, siriri kamar karan dawa, zai zo ya wuce shi yana noma yana hira.

Lokacin ostariti, da kuɗin mota ya gagari talaka, suka koma kai wake kasuwannin Gwarzo da Kabo a keke. Abin da ya fi cin ran Mijinyawa shi ne Sajo ba ya tsere masa. Sai ya tsaya a gindin tsamiya yana jiransa, in ya iso ya yi masa sannu. Da zagi ne da ya fi sauƙi.

Ba abin da bai gwada ba: hanta, zuma, gudun asuba a bayan gari. Ya samu ƙari, amma Sajo na gaba.

Daga baya ya auri Altine, ƙanwar Sajon uwa ɗaya uba ɗaya. 'Ya'yan Sajo suka taso ba su fi kowa juriya ba, abin ya yi wa Mijinyawa daɗi a ɓoye. Nasa ɗan kuwa, Mahbub, zai yini yana ƙwallo bai nemi wurin zama ba. Uban ya riƙa faɗa a majalisa cewa jininsa ne.

Ranar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano motoci suka cika, su uku, shi da Sajo da Mahbub, suka kama hanya a keke. Ba a yi rabi ba ƙirjin Mijinyawa ya ɗauki zafi, ya zauna a bakin titi. Ya ce su tafi, suka ƙi, ya daka musu tsawa. Yana kallo ɗansa da surukinsa suka yi nisa, kafaɗa da kafaɗa. Da aka dawo, zancen gari ɗaya ne: yaro ya gado kawunsa.

Ciwon ƙirjin ya kai shi asibiti. Likita ya ce zuciyarsa lafiya lau. Sai Mijinyawa ya yi tambayar da ta daɗe tana cinsa: me ya sa ɗansa ya gado numfashin Sajo, ba nasa ba? Likitan ya ce a cikin tsokar mutum akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu haɗa abinci da iska su ba da ƙarfi, na wani sun fi na wani aiki. Motsa jiki na ƙara su, amma irinsu na musamman ta wajen uwa ake gado.

"Uba fa?"

"Yana ba da nasa, Malam, da yawa ma. Wannan dai na uwa ne."

Ya koma gida ya tarar da Altine tana daka, taɓarya na sauka, tana magana da maƙwabciya ta kan katanga, ko alamar haki babu. Tun aurensu take haka, bai taɓa lura ba. Ranar tuwon ma kaɗan ya ci, daminar nan kuma gaisuwa kawai ke haɗa shi da Sajo.

Da Mahbub ya samu mata a Sabon Birni, Mijinyawa ya hana kowa zuwa bincike, ya tafi da kansa. Bai tambayi gonar uban yarinyar ba. Ya sa aka tambayo masa ko uwarta tana haki in ta ja ruwa a rijiya. Aka ce ba ta yi. Ya amince da auren, bai kuma gaya wa Sajo dalili ba.