Kwanon da Na Ware wa Sabi'u

Har gobe ba zan manta da ranar da Sabi'u ya faɗi a ɗakin kwaɓi ba. Lokacin ni ne mai kula da ma'aikata a wani gidan burodi a Gyaɗi-Gyaɗi. Daga manaja sai ni, ni ke raba wa kowa aikinsa.

Sabi'u magidanci ne mai 'ya'ya uku, yana mana rabon burodi a babur. Wata damina adaidaita sahu ta buge shi a hanyar Daurawa, kansa ya daki bakin kwalbati. Da ya gama jinya na mayar da shi kwaɓi don ya huta da titi. Wata bakwai lafiya ƙalau. Sai wata Talata da hantsi ya sandare, ya zube yana jijjiga, kumfa na fita ta bakinsa. Ƙarti goma muka ja da baya, domin mun taso muna jin cewa ana ɗaukar farfaɗiya ta yawu. Ni da ake kira Oga, ni na fi kowa kusa da ƙofa.

Bayan sati ya kawo takardar asibiti. Manaja ya karanta ya ce, "Malam Habu, likita ya ce tabon buguwar nan ne a ƙwaƙwalwa, ba a ɗauka. Yana shan magani. Ka dai nisanta shi da inji da wuta." Na mayar da shi wajen sa burodi a leda.

Kunnena ya ji, zuciyata ba ta yarda ba. Al'adarmu, bayan azahar faranti ɗaya muke zagayewa mu ci. Ran nan na sa mai abinci ta zuba masa nasa daban, na miƙa masa da kaina har da murmushi, wai ni mai dabara.

Ya dubi kwanon, ya dube ni. "Oga, shekara shida hannuna da naka a faranti ɗaya."

Ya ci a bakin ƙofa, ya wanke kwanon, ya kife. Washegari bai zo ba.

Na bi shi gida Unguwar Gano. Ya kawo min ruwa a kofinsa, ya tsaya yana kallona. Na shanye, amma na makara. Ya ce ya samu wani abin yi. Daga baya na ji bai samu ba.

A sana'armu an koya mana tsoron wuta da inji. Ba wanda ya koya mana cewa in ɗan'uwa ya faɗi, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a juya shi gefe, a zauna da shi. Ciwon bai raba Sabi'u da aikinsa ba, manaja ma bai kore shi ba. Ni na kore shi, ban ko buɗe baki ba.