Waken da Na Kasa Dafawa

Duk kaka yayana yakan aiko mini da buhun wake daga gonarsa ta Kiyawa, kuma ban taɓa sa masa maganin kasuwa ba. Nakan shanya shi har sai ya yi ƙas a haƙori, in tankaɗe toka mai sanyi, in daka busasshen barkono, in cakuɗa su da waken. Ganyen darbejiya kuwa, a gindin buhu da bakinsa. Ina atishawa, ido na ruwa, amma na san abin da 'ya'yana za su ci.

Ɗakin ajiyarmu a Limawa bango ɗaya ne da ɗakin yara, bangon ma bai kai rufi ba.

Bara na shiga ɗibar waken alala, na tura hannu can ƙasa don in ji ko ya yi gumi, sai na zaro wani ƙullin tsumma mai wari kamar ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Na gane shi. Ƙwayar kashe ƙwari ce da 'yan kasuwa ke kira bom. Daga buhun nan na yi wa yara garau-garau a makon, autana kuma ya wuni yana kukan ciwon kai.

Na tarar da maigidana a tsakar gida yana goge babur.

"Malam, wa ya sa wannan?"

"Ni ne. Tokarki ai ta zamanin kakanni ce."

"Ka ga ƙwaro ko ɗaya a buhun?"

"Don kada in gani na sa." Har da dariya. "Ke ko sauro ya ciji yaro sai kin nemi asibiti. Ki baza waken a rana, maganin zai fita. Kowa haka yake yi."

"Iskar da yaranka ke shaƙa fa, ita ma in baza ta a rana?"

Ya ci gaba da goge babur. Wannan ya fi ƙwayar ƙona mini rai. Ya san halina, shi ya sa ya ɓoye ta a ƙasa.

Na baza waken, na wanke, na sake bazawa. Na ɗora tukunya, na sauke. Wataƙila maganin ya fita, amma wa zai rantse mini? Maƙwabciyata ta ce in ba ta, na hana, ita ma tana da yara. Ko akuya ban yarda ta sansana ba.

Da damina ta matso na mayar wa yayana buhun, na ce ya shuka, kada a dafa ko ƙwara ɗaya. Sai da na sa ya maimaita mini.

Waken bana yana cikin toka da barkono. Ɗakin ajiya yanzu da kwaɗo, makullin a ƙulle a bakin zanena. Malam ya ce na mai da shi baƙo a gidansa. Ban ce masa a'a ba.