Ƙwan Zabin Daji a Hijabin Inna

Ranar da muka kai kakata Inna gandun dajin da ke bayan birni, tun daga Gude take ba mu tarihinsa. Wai ta nan fatake ke ratsawa da jakuna, kuraye na bin sawunsu, ubanta ma ya sha harbo barewa a ciki tun ba a kafa shinge ba.

A bakin ƙofa mai gadi ya ja mana kunne: ko ganye kada a tsinka. Inna ta ce, "To, ɗana, Allah ya yi albarka."

Muna can muna shewa muna kallon birai a kan marke, sai muka nemi Inna muka rasa. Can ta ɓullo daga cikin ciyawa tana takawa kamar amarya, hannu biyu cikin hijabi. Ƙwan zabin daji ta tsinto! Da muka zo fita ta tsaya gaisawa da mai gadin, har da tambayar iyali, ni kuwa ina cizon mayafi kada dariya ta tona mu.

A gida ta sa wa kazarta ƙwan, yadda ake yi a garinmu. Kaza ta ƙyanƙyashe, 'yan zabi suka ci geronmu suka yi ɓul-ɓul. Fukafukansu na yin ƙwari, wata safiya suka tashi fir, suka yi daji.

Inna ta bi su da kallo, ta tafa hannu.

"Marasa mutunci! To, ku gaishe min da mai gadi."