Ranar da Na Nome Filin Taro a Shinkafi

Sau biyu na daskare a gaban jama'a kafin mu je Shinkafi, kuma duka biyun da shaidu.

Ina aji huɗu a makarantar kwana a Ƙauran Namoda na shiga ƙungiyar rawar gargajiya. Rawar manoma muke yi, mu goma sha biyu a layi, kowa da ɗan wando iya gwiwa da fartanya a hannu, wani tsoho da muke kira Baba yana kaɗa mana gangar noma. Mu sunkuya mu yi kamar muna noma, mu miƙe mu cilla fartanya sama mu cafe, mu juya mu yi tsalle. A bayan ajujuwa, inda ba mai kallonmu sai awakin mai gadi, babu wanda ya kama ƙafata. In na cilla fartanya sai ta je ta gaisa da shirwa kafin ta dawo. Shi ya sa malamin da ke koya mana ya sa ni a gaba, ya kafa doka cewa duk abin da na gaba ya yi, shi na baya za su yi.

Fartanyun makaranta bakinsu na gwangwani ne, ko kaza ba za su firgita ba, kuma goma sha ɗaya ne kacal. Ni tawa na ɗauko daga gida, can Dauran, ta gaske, ƙirar maƙerin garinmu.

Karon farko ranar taron iyayen yara ne a makarantarmu. Ganga ta tashi, na fito da tsalle, na ɗaga kai, sai na ga idanu. Ban taɓa sanin mutanen Ƙaura na da idanu haka ba, kamar kowa ya aro na maƙwabcinsa ya ƙara. Nan take ƙafafuna suka zama turame. Wanda ke bi na a layi, abokina ɗan Moriki, ya zo ya yi karo da bayana, na bayansa ya yi karo da shi, haka har na goma sha biyu.

Karo na biyu a Zurmi ne, kuma ya fi muni, domin mutanen garinmu sun shigo, har da kawuna. Tun daga farkon kiɗa har ƙarshensa ina tsaye da fartanya a kafaɗa, sauran suka gaji da jira suka kewaye ni suka ci gaba. Kawu ya koma gida ya shaida wa innata cewa an ba ni babban matsayi, ni ne mai gona da ke duba ma'aikata. Inna ta yi ta murna, har ta aiko mini da ƙuli-ƙuli. Na cinye ina jin kamar na sato shi.

Bayan mun dawo Malam ya kira ni gindin dalbejiya.

"Kai, mi ka damunka?"

"Malam, idanu."

"Idanu sun taɓa cizon wani?"

"Ba su taɓa ba, Malam. Amma na Zurmi sun yi niyya."

Bai yi dariya ba. Ya ce akwai gasar makarantu a Shinkafi nan da sati biyu. In na sake tsayawa, ɗan Moriki zai karɓi gaba, ni kuma in koma cikin masu tafi, ba ni ba rawa har in gama makaranta.

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Lissafi ba ya ƙaunata, ƙwallo kuwa in na buga gabas yamma take zuwa. Rawar nan kaɗai ce abin da in ina yi nake jin jikina nawa ne. Ga shi kuma in aka cire ni, dole wata rana Inna ta ji gaskiyar labarin mai gona.

Ɗan Moriki, duk da shi ne zai ci gadona, ya dage sai ya warkar da ni. Ya tara 'yan ɗakinmu suka zauna bakin gadaje suka zuba mini ido, wai in saba. Na yi rawata tsaf, domin waɗannan na san warin ƙafar kowannensu, ba abin tsoro a ciki. Wani ɗan gidan malamai ya koya mini addu'ar da zan karanta in gabana ya faɗi. Na haddace ta har ina iya karantawa ina tauna garin kwaki.

Da sassafe muka kama hanyar Shinkafi, domin direba ya ce shi kam la'asar a Ƙaura zai yi ta, hanyar ba ta son yamma. Damina ce, ko'ina kore shar. Filin taron na wata makaranta ne, ɗalibai sun sassabe ciyawar sama-sama, an kafa rumfa a can ƙarshe, manyan baƙi da alƙalan gasa sun jeru a kujeru. Jama'a kuwa kamar an kaɗa ganga an ce a bar kasuwa a zo kallona. Har kan katanga da mutane, har kan itatuwa.

Aka kira makarantarmu. Baba ya saki ganga. Na yi taku uku, na huɗun ya ƙi zuwa.

Na lalubo addu'ar nan a kaina, ban same ta ba. Wadda ta zo bakina ita ce ta cin abinci, na karanta ta haka nan. Daga baya ɗan Moriki yana magana ta cikin haƙori.

"Tahi mana. Don Allah tahi. Ni ban son gaban nan, wallahi ni ma tsoro nika ji."

Na sunkuyar da kai don in ɓuya wa idanu. A nan, daidai babban yatsana, na ga gogamasu.

Wanda bai tashi a gona ba ba zai gane ba. Gogamasu wata ciyawa ce mai naci, ka nome ta yau, jibi ta leƙo tana gaishe ka. Babana ko Idi zai je, in ya gan ta a bakin hanya sai ya naɗe hannun riga ya tumɓuke ta. Mu 'ya'yansa da duka aka koya mana ƙinta. Ga ta nan ta baje ganye, ta yi ƙiba, masu sassabe sun tsallake ta. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Hannuna ne ya ɗaga fartanya ya sare ta, ya kife ta saiwa a sama.

Gabanta kuma ga wata. Na sare. Ga harƙiya ta yi tsiri kusa da ita, na haɗa da ita.

Baba tsohon makaɗin gayya ne, ya shekara talatin yana bin manoma a gona kafin makaranta ta ɗauke shi. Da ya ji ƙarar ƙarfe a cikin ƙasa ta gaske, sai ya watsar da kiɗan da muka yi wata uku muna koyo, ya juya ganga zuwa irin wanda ake yi wa masu noma. Ya biyo ni a gefe yana bugawa daidai saran fartanyata.

"Haka nan, ɗan Dauran. Kak ka ɗaga kai. Bi ta, bi ta."

Na bi ta. Ƙasa ta sha ruwa, taushi kamar tuwon safe, fartanya na shiga tana fita. Na manta da Shinkafi. Abin da nake gani kawai ciyawa ce da inda zan sa ƙafa.

Na baya kuwa doka ta kama su. Tunda na gaba noma yake, su ma suka duƙa suka hau noma da fartanyun gwangwani. Yawancinsu 'yan cikin gari ne, ba su taɓa nome ko gindin tumatir ba. Sara biyu, ta ɗan Moriki ta lanƙwashe ta koma kamar ludayi. Na uku a layi bakin tasa ya cire ya tashi sama, ya ci gaba da noma da ƙota zalla. Duk wannan daga baya aka ba ni labari, ni ina can gaba ina ta aiki.

Abin da ya fara shiga kunnena hayaniya ce. Rabin 'yan kallon manoma ne, kuma sun gaji da ganin yara na shafar iska da sunan noma. Wani dattijo daga kan katanga yana ta faɗa wa na kusa da shi, da muryar da ta kai kasuwa, "Wanga kam ɗan gona na. Ku dubi yadda yaka kihe ta." Mata suka saki guɗa.

Ban tsaya ba sai da fartanyata ta kusa taɓa takalmi. Baƙin takalmi ne mai sheƙi, ko in ce dā mai sheƙi, domin saran ƙarshe ya lulluɓe shi da jar ƙasa. Na nome layi guda tun daga tsakiyar fili har cikin rumfar manya. Na ɗaga kai a hankali.

Ga idanun nan, kusa da ni kamar in miƙa hannu in taɓa. Mai takalmin babban baƙo ne, ya riƙe ciki yana dariya har hularsa ta karkace. Na kusa da shi goro ya sarƙe shi, ana bubbuga masa baya. Wata malama cikin alƙalai tana kakkaɓe ƙasa daga takardarta tana murmushi. Na duba ko ƙafafuna za su sake zama turame, sai na ji sun yi zafi da aiki, ba su da lokaci. Baba ya maido da kiɗanmu na asali. Na ja da baya na fita daga rumfa, na cilla fartanya sama ina kallon mutane ido da ido, na cafe, na juya. Muka ƙarasa rawar har ƙarshe, ni da tawa, su da ludayoyinsu.

Mun zo na biyu. An ce da mun zo na ɗaya, amma an rage mana maki saboda ɓarnar kayan aiki. Shugaban makarantar da ta karɓi baƙi ya zo har bakin mota yana tambayar Malam ko zai bar masa ni kwana biyu in ƙarasa sauran filin.

A mota Malam ya zauna a gaba. Fartanyu goma sha ɗaya na zube a gabansa, ba mai kama da 'yar'uwarta. Sai da muka hango Ƙaura ya waiwayo.

"Kai. Wa yac ce ka yi noma?"

"Malam, gogamasu ce."

"In an kai mu inda anka yi daɓen siminti hwa? Mi za ka nome?"

Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan tun daga Shinkafi. Na ce, "Zan yi rawa, Malam. Na gan su kusa. Mutane na kamar mu."

Ya daɗe yana kallona, ni ma ban sunkuyar da kai ba.

"Litinin bayan la'asar," in ji shi. "Kana nan gaba. Amma ba bayan aji za mu haɗu ba, gonar makaranta za mu. Kai za ka koya ma waɗanga yadda aka riƙon hwartanya."

Mutum goma sha ɗaya suka juyo suka zuba mini ido lokaci guda, kuma babu alheri a ko ɗaya. Ɗan Moriki ya matso kunnena ya ce da ya sani da ya bar ni na daskare.